Lambar Kofur Dodo

Laraba, 1 ga Maris, 2006

Yau aka buɗe. Kwamfuta shida a ɗakin da muke jibge tsofaffin jaridu a da, kwanon intanet a kan rufi, janareta a gindin mangwaro. Wata ƙungiya ce daga waje ta ba kwalejinmu damar shiga rumbun bayanai, wato tarin mujallu da maƙalu na jami'o'in duniya, na gwaji, wata uku cif. Ranar 31 ga Mayu za a rufe, sai in sun ga ana amfani da shi. Ni aka damƙa wa, don duk laburaren nan ni kaɗai na taɓa ganin irinsa, lokacin da nake karatu a Zariya.

Shugaban kwaleji ya yi jawabin minti arba'in a kan abin da bai san ta inda ake kunna shi ba. Malamai suka yi tafi, suka sha lemo, suka watse. Ko mutum ɗaya bai zauna gaban kwamfuta ba.

Malam Ladan, tsohon da ke kula da durowoyin kati, ya leƙo ya ce, "Ɗiyata Theresa, wanga abu in an ɗauke wuta hwa?" Mutumin da ya shekara talatin yana lasar yatsa yana juya kati.

Talata, 7 ga Maris

An turo mini ɗaliban adabi su yi bincike a kan mawaƙa. Ashirin da bakwai. Wata ta ɗaga linzamin kwamfuta sama tana nuna allo da shi kamar mai canza tashar talabijin.

Na koya musu yadda aka koya mini. Akwai gurbin sunan marubuci, da na take, da na shekara. Ka fara da sunan mawaƙi a gurbin marubuci, ka rage shekarun, ka karanta taƙaitawa kafin ka buɗe maƙala. Na ce musu wanda ba ya cikin gurbin marubuta, to ba marubuci ba ne. Sun rubuta wannan a littafi, har da ja masa layi. Sannan kowa ya kwafe sakamakon farko da ya fito, ya tashi. Su goma sha ɗaya mawaƙi ɗaya suka zaɓa, wani Baturen da ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce, don sunansa gajere ne.

Litinin, 13 ga Maris

Baba ya zo laburare. Baba, daga ƙauyenmu Dabai, a bayan mashin, cikin kwat ɗin da yake zuwa coci da ita. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ɗalibai suna kallo, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe fasto ne ya sanar jiya cewa an kawo wa kwaleji na'urar da ke ɗauke da duk littattafan duniya, kuma 'yar Ezekiel ce ke riƙe da mabuɗi. Wa ya aike shi.

Baba ya zaro wata takarda daga cikin Littafi Mai Tsarki ya ajiye mini a tebur. Lamba ce kawai, 41872, da rubutunsa mai rawa. Ya ce da yarenmu, a hankali, "Nemo mini waƙar Dodo." Na ce na'ura suna take so, ba lamba ba. Ya ce ai soja lambarsa ce sunansa. Na ce to, zan duba, don dai ya tafi.

Talata, 14 ga Maris

Bari in rubuta labarin nan sau ɗaya, tunda a gida ba a faɗinsa sai da rabin baki.

Dodo yayan Baba ne. Shi ya fara yi wa Mama, wato Leah, golmo, noman da saurayi ke yi a gonar iyayen yarinya shekara bakwai kafin a ba shi ita. Ya yi biyar, ya bi masu ɗaukar soja. Baba ya ci gaba da biyun da suka rage a madadinsa. Ana cikin yaƙin basasa aka aiko cewa Dodo ya mutu. Aka yi makoki, aka share hawaye, Mama ta ce Ezekiel take so, aka ɗaura. Da yaƙi ya ƙare sai ga labari: Dodo na nan da ransa a barikin Kaduna. Bai sake taka Dabai ba, bai aiko ko gaisuwa ba, har ya mutu a 1973.

Sojan da ya kawo akwatinsa gida shi ya ce wani Bature mai na'urar ɗaukar murya ya taɓa zuwa bariki, Dodo ya rera masa waƙa a kan ƙanensa. Aka ce me waƙar ta ce? Ya ce shi ba ya shiga tsakanin 'yan uwa. Shi ke nan. Baba bai taɓa neman ta ba sa'ad da Mama ke da rai. Bara ta rasu.

Wato don wannan za a bar binciken duniya a koma tonon rigimar ƙauye ta shekara talatin da biyar.

Alhamis, 16 ga Maris

Na duba, don kar a ce ban duba ba. A gurbin marubuci: Dodo Dabai. Babu. Dodo Zuru. Babu. Kofur Dodo. Babu. Minti huɗu ya ɗauke ni.

Litinin, 3 ga Afrilu

Baba ya mayar da Litinin ranar zuwa. Na gaya masa babu, ya ce a sake dubawa, wataƙila na'urar ba ta kai wurin ba tukuna, kamar mai sharar tsakar gida. Yana zama a benci kusa da durowoyin kati. Shi da Malam Ladan sun ƙulla abota, suna raba goro suna zancen farashin taki da wanda ya mutu da wanda ya saura. Kafin ya tafi sai ya zo gabana ya karanto lambar da ka, ɗaya bayan ɗaya, kamar ni kurma ce. Huɗu, ɗaya, takwas, bakwai, biyu.

Har na haddace ta ba da son raina ba.

Laraba, 5 ga Afrilu

Malami ɗaya ya zo yau. Na yi murna, na tashi na ba shi kujera. Ashe wasiƙar neman canjin wurin aiki yake so in buga masa.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Ista a Dabai. Zafi, ƙuda, tambayar yaushe zan yi aure. Na shiga tsohon ɗakin kaka neman tabarma, ga garmar nan har yau a rataye a bango, tsatsa ta yi mata ja, yanar gizo ta naɗe ƙotar. Garmar Dodo ce, da ita ya yi golmo. Ina 'yar shekara bakwai na taɓa hawa turmi na taɓa ta, Baba ya zane ni, dukan da bai taɓa yi mini ba kafin nan ko bayan nan. An sake rufin ɗakin sau uku, garma ba ta motsa ba. Ƙarfen banza an mayar da shi kamar wani abin tsafi, a gidan dattijon coci.

Ƙafafun Baba sun kumbura. Takalmin coci bai shige shi ba, da silifa ya je. Bayan an ci abinci ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Na kusa zuwa inda yake. Ina so in san da wace fuska zan tarar da shi. In tsine mini ya yi, gara in sani tun nan."

Na ce ya daina irin wannan magana, ya rage gishiri. Abin ya tsaya mini a rai har na dawo Zuru, kuma na ji haushin tsayawar.

Laraba, 26 ga Afrilu

Kwana uku babu wuta, janareta ba mai. Malam Ladan ya wuce ta ƙofata da durowa a hannu, a hankali don in gani.

Litinin, 8 ga Mayu

Wasiƙa ta zo. Ba za su sabunta ba. Sun ce alƙaluma sun nuna ba a shiga sosai. Ai gaskiyarsu. Kwaleji mai malamai tamanin, mutumin da ya fi kowa zuwa ɗakin nan manomi ne da bai gama firamare ba, shi ma waƙar mamaci yake nema. Ranar 31 za a rufe, in koma goge ƙurar kantocin littattafai.

Da wannan zuciyar Baba ya same ni. Ya fara, huɗu, ɗaya, sai na katse shi. Na ce, "Baba, don Allah. Wannan wurin na mawaƙa ne na gaske, masu littafi. Baba Dodo ba mawaƙi ba ne, soja ne da ke ɗaga murya in ya sha burkutu. Ba ya ciki, ba zai taɓa shiga ba." Da Hausa na faɗa, kowa ya ji.

Ya ce to. Ya ajiye takardar a kan tebur, ya fita, ya daɗe a bakin ƙofa yana fama da silifa.

Ban yi ƙarya ba dai.

Litinin, 15 ga Mayu

Bai zo ba.

Litinin, 22 ga Mayu

Bai zo ba. An yi ruwa mai ƙarfi jiya, kowa na gona, wataƙila shi ya sa. Da waɗannan ƙafafun?

Malam Ladan ya bar goro guda a kan benci har aka tashi. Da gangan yake yi.

Juma'a, 26 ga Mayu

Yau Malam Ladan ya shigo ɗakina ba sallama, ya ajiye mini kati uku. Littattafan waƙoƙin makaɗa ne, na noma da na farauta. Ya ce in karanta layin sama. Duk ukun sunan wani dokta ne ko wani Bature.

"Kin gani? Mai biro aka rubutawa, ba mai baki ba. Wanda yay yi waƙa yana can ciki, shafi na kaza, wani lokaci ko suna babu. Ni in mutum yaz zo neman makaɗi, ba ni zuwa durowar marubuta. Ke kuma ina kika nemi yayan babanki?"

Na ce na'ura ba durowa ba ce. Ya ce ai waɗanda suka cika durowa su suka cika na'ura. Ya kwashe katinsa ya fita.

Tsoho mai taurin kai. Sai an tashi na tuna akwai gurbi na huɗu a can ƙasa, mai neman kalma a cikin rubutun maƙala gaba ɗaya. Na san da shi mana. Ba na koya wa ɗalibai ne don yana kwaso shara. Ranar Litinin hutu ne. Saura Talata da Laraba.

Talata, 30 ga Mayu

Na fara da waƙoƙin sojoji. Sakamako dubu da wani abu, na sojojin ko'ina a duniya. Na ƙara Hausa, na ƙara Nijeriya, na rage shekaru, suka dawo sittin da biyu. Kowace maƙala sai ta yi minti goma kafin shafin farko ya buɗe. Ba zan gama ba ko da sati aka ba ni.

Takardar Baba tana nan ƙarƙashin firinta inda na tura ta. Ban ma buƙace ta ba. Na leƙa na ga ba kowa a ɗakin, na buga 41872, ina jin kunyar kaina.

Sakamako ɗaya.

Mujallar wata jami'a ta Ingila, 1974. Waƙoƙin bariki da aka ɗauka a Kaduna. Marubuci, Bature. A ƙasan shafi ya yi bayani cewa duk sojan da ya tambaya wa ya yi wannan waƙa, sai ya ƙame ya faɗi muƙami da lamba, don haka da lamba ya jera su. Waƙa ta tara: Kofur 41872.

Shafi talatin da ɗaya ne. Maƙalar tana saukowa, ta kai na sha huɗu aka ɗauke wuta. Na zauna ina kallon baƙin allo. Waƙa ta tara tana shafi na ashirin.

Laraba, 31 ga Mayu

Ƙarfe bakwai ina bakin laburare. Babu wuta. Malam Ladan ne ya zuƙo mai daga mashin ɗinsa da tiyo ya zuba wa janareta, yana tofar da yawu yana tsaki. Bai ce mini ai na gaya miki ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Sha ɗaya da kwata ta sauko duka. Na buga kofi biyu.

Da Hausar bariki aka rubuta ta, da fassarar Turanci a gefe, fassarar kuwa ba ta san golmo ba, ta ce wai aikin gayya ne. Baiti shida. Na biyu ga shi:

Damina biyar na duƙa a gonar surukai,
ƙanena ya duƙa biyu ya miƙe da mata.
Ɗan ɓarawo mai ƙafa kamar tsinke,
ni na goya shi har ya jiƙa mini baya.

Na uku da na huɗu sun fi wannan zafi. Ba zan karanta wa mara lafiya su ba. Zan fara da na ɗaya in tsallaka zuwa na ƙarshe, wa zai sani.

Sunan Dabai na cikin waƙar. Da na buga Dabai kawai a wancan gurbin tun ranar 16 ga Maris, da ta fito. Kusan wata biyu yana hawa mashin da kumburarrun ƙafafu.

Ƙarfe huɗu na gwada shiga. An rufe.

Asabar, 3 ga Yuni

Na sami Baba a Dabai, a gindin ɗorawa, ƙafafu a kan kujera 'yar tsugunno. Na durƙusa na gaishe shi. Ban san yadda ake ba da haƙuri a kan irin abin da na faɗa ba, sai kawai na nuna masa lambar a jikin takarda. Ya bi ta da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce karanta.

Na karanta baitin farko, na kewar dutsen Dabai da tuwon dawa, na yi tsalle zan kama na ƙarshe. Ya ɗaga hannu.

"Kin tsallake."

Na ce ban tsallake ba.

"Dodo bai taɓa buɗe baki ya kai ƙarshe bai zagi mutum ba. In babu zagi, ba tasa ba ce. Koma."

Na koma. Na karanta ɗan ɓarawo mai ƙafa kamar tsinke, muryata ƙasa-ƙasa. Baba ya fashe da dariya har tari ya kama shi. Ya ce gaskiya ne, ya jiƙa masa baya, a hanyar Manga, ranar kasuwa. Na uku ya saurara ba dariya. Na huɗu, inda Dodo ya ce an yi makokinsa da sauri kamar ana jira, ya sunkuyar da kai ya ce wannan ma gaskiya ne. Na biyar na abokan da suka mutu a yaƙi ne. Sannan na ƙarshe:

Mai zuwa Dabai, tsaya in ba ka saƙo.
Garmata na ɗakin inna a rataye.
Ka ce wa ƙanena ya sauke ta ya yi huɗa,
mai ciyar da Leah bai kamata ya yi aron garma ba.

Ya ce in maimaita. Na maimaita sau uku.

Can ya ce, "Shekara uku bayan aurenmu ina aron garma a maƙwabta. Tana rataye ina wucewa ta ƙarƙashinta."

Ya ce in kama shi ya tashi. Muka shiga ɗakin kaka. Hannunsa bai kai ba, ya dube ni ya nuna turmi. Na hau, na sauko da ita. Gara ta cinye ƙotar, ta karye a hannuna, ƙarfen ya faɗo ƙasa. Ya ɗauka ya goge da bakin rigarsa, ya rungume a ƙirji, ya yi kukan da bai yi ba ko ranar jana'izar Mama. Ni fita na yi, ƙura ta shiga mini ido.

Alhamis, 8 ga Yuni

An lulluɓe kwamfutoci da leda. An mayar da ni kantoci. Shugaban kwaleji ya ce wai za a kafa kwamiti.

Kofi na biyu na kai an yi masa bango, na ba shi lambar kantar da zai zauna. Ba a ajiye abu a laburare babu kati, ƙa'ida ce, ba wani abu ba. Na karɓi farin kati wurin Malam Ladan. Ya tsaya a kaina yana kallo. A layin sama na rubuta Dodo, Kofur, na Dabai, mawaƙi. Baturen na sa shi a layi na uku.

Ya ce, "Ɗiyata, ba haka aka koya miki Zariya ba." Na ce durowar marubuta ce ke da wuri. Ya lashi yatsa, ya buɗe, ya sa shi da kansa.

Wata ɗaliba ta zo neman mawaƙin da za ta yi aiki a kansa, mai gajeren suna in da hali. Na ce akwai wani mai harafi huɗu, na nuna mata durowa.

Jibi zan koma Dabai. Ba don gona ba, ni da garma har abada. Maƙeri ne ya ce ƙarfen zai yi in an sa sabuwar ƙota, kuma Baba ya rantse sai ya ja kunya ko ɗaya ce da ita kafin ruwa ya yi nisa. Dole wani ya riƙe shi kar ya faɗi.